Ina da hannun zane, ta ina zan fara cin abinci da shi a Damagaram?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekaruna 19, karatu ya tsaya bayan BEPC. Ina zana fuskar mutum da fensir daga hoton waya, kuma duk wanda ya gani yana gane mai hoton. Matsalar dai yabo ya yi yawa, kuɗi babu. Wanda ya yi niyyar biya ma jika ɗaya yake miƙo mini. A gida an ce in zaɓa, ko in zauna shagon kawu a Kasuwar Dole, ko in nuna cewa zanen nan sana'a ce. Wane aiki mai zane yake samu a garin nan da zai riƙe shi? Da waɗanne kaya zan fara, ganin jarina bai wuce jika 20 ba? Kuma yaya ake yanke kuɗin aiki? Wani mai shago ma ya ce in rubuta masa allon kwano, ban taɓa riƙe burushin fenti ba, ban ba shi amsa ba tukuna.

Baba Mai Burushi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka mayar da mai shagon nan, amma kada ka yi aikin kai kaɗai. Hoton fuska sau ɗaya mutum yake yinsa ya rataye. Allo kuwa duk shagon da aka buɗe daga Zango har Sabon Gari yana nemansa, makarantu masu zaman kansu suna sabunta nasu kafin komawa aji a Oktoba, ƴan kasuwa kuma kafin salla. Ka nemi mai rubutun alluna da ya daɗe a kai, ka ce ga aiki ka samo, ku yi tare, ya ɗauki kaso mai tsoka. Ga abin da za ka sa wa ido.

Allo daga ƙasa yake lalacewa, don haka fara da duba irin kwanon. In baƙin ƙarfe ne, ka goge tsatsa da samfefa har ya yi haske, ka share da tsumma mai ɗan tina, wato ruwan tsinka fenti, don maiƙo ya fita, ka shafa jan fentin hana tsatsa gaba da baya, har wurin da mai walda ya ƙona, don nan tsatsa take fara ci. In kuwa mai ruwan tutiya ne, wato mai ƙyallin nan irin na rufin ɗaki, to a nan sababbin shiga suke faɗawa. Fentin mai ba ya jituwa da tutiya. Man da ke cikinsa yana haɗuwa da ita ya koma wani irin sabulu a tsakani, bayan ƴan watanni sai rubutu ya dinga ɓarewa falle-falle, mai shago kuma ba kwano zai zarga ba, kai zai kira. Irin wannan kwano a wanke shi da omo, a goge da binegar, a ɗauraye, a kashe ƙyallin da samfefa, sannan a sa fentin ƙasa wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na kwanon tutiya ne. In ba a samu ba, gara a ce wa mai walda ya kawo baƙin ƙarfe tun farko. In allon na katakon filawud ne, ta baki yake shan ruwa, ka cika bakunan huɗu da fenti sau uku, in ba haka ba damina ɗaya ta buɗe shi. Sabon bangon siminti kuma a ba shi kwana 28 kafin fenti ya hau.

Lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya a kan ƙarfe mai sumul. Ke nan allo mai mita 2 a 1, shafa biyu, bai cinye rabin lita ba. Bango mai kaushin yaɓe ya fi sha, ka lissafa masa 6 zuwa 7. Tsakanin shafa da shafa na fentin mai kwana guda cur. Mai gaggawa ya ɗora ta biyu a kan ɗanye, sama ya bushe ciki bai bushe ba, sai fuskar allon ta yamutse.

Tina iri biyu ce. Ta fentin mai ita ce aka rubuta wa White Spirit a jiki, kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na fentin. Ta fentin mota ta fi ƙarfi, in ta hau fentin mai sai ta tashe shi. Masu tsinka fenti da fetur gani suke sun yi arha, alhali yana bushewa kafin burushi ya gama tafiya, ya bar sawu, ƙyalli ya mutu. Kananzir kuma danƙo yake bari kwana da kwanaki, ƙura tana mannewa.

Sai rubutun. A fara sa kalmomin a takarda, wanda ya iya Faransanci ya duba, mai shago ya sa hannu. Harafi ɗaya ya ɓace a Quincaillerie, ko lamba ɗaya ta juye a lambar waya, an sake allo daga aljihunka. In da Hausa ne, ka ba ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu. Tsawon harafi santimita 2.5 ne ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu, wato sunan da ake so ɗan kabu-kabu ya karanta daga mita 20 ya kai santimita 17. Kaurin jikin harafi wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa. Allo mai faɗin santimita 200, cire 10 kowane gefe, saura 180. Haruffa 12 har da gurbin da ke tsakanin kalmomi, kowanne ya samu 15, sai ka rage wa I ka ƙara wa M da W. Layi da zare ake buga shi: a shafe zaren da alli, a ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiya a saki. Ka fara zana haruffan da alli daga na tsakiya zuwa gefe biyu. Masu farawa daga hagu su ne kake ganin haruffansu na ƙarshe sun cunkushe a lungun allo. O da C da S su ɗan haura layi sama da ƙasa, in ba haka ba ido zai ga sun fi sauran ƙanƙanta. Tazara kuma ido ke auna ta: tsakanin A da V a matse, tsakanin H da I a buɗe.

Ka samu sanda mai kamu biyu, ka ɗaure mata tsumma a kai, ka dafa kan a jikin allo, ka ɗora wuyan hannunka a kanta. Hannu ba zai yi rawa ba, ba zai taɓa ɗanyen fenti ba. Lokacin aiki daga bayan asuba zuwa hantsi. A Afrilu da Mayu kwanon da ya sha rana ba ya taɓuwa, fenti a kansa ƙuraje yake yi. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa, ko na wanki ne, mun san yadda ruwa yake a garin nan, ka jingina allon fuskarsa na kallon bango har ya daina danƙo. Ja shi ne launin da rana ta fi saurin cinyewa, kada ka yi sunan shago da shi. Baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari sun fi daɗewa.

Jika 20 ɗinka ta tafi ga burushi uku masu faɗin baki, ƙarami da matsakaici da na shafe, da rular ƙarfe, mita, alli, samfefa da tina. Fenti daga kuɗin mai aiki yake fitowa. Burushi a wanke shi da tina sannan da sabulu, a gyara bakinsa da ɗan basilin, a kwantar da shi. In ya kwana a tsaye cikin gwangwani bakinsa ya karkace ke nan.

Mushe Mai Ritaya:

Abin da Baba Mai Burushi ya faɗa a kan allo babu ƙari. Ni hannun naka zan taɓa, yarona, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Mai kwafar hoton waya bai gama koyon zane ba, domin waya ta riga ta yi masa rabin aikin, ta ɗauki abu mai jiki ta shimfiɗa shi, shi kuma yana bin inuwa. Ranar da wata ƙungiya ta ce a zana mata uwa tana sa yaro a gidan sauro, ko mai littafin yara ya nemi makiyayi a bakin rijiya, babu hoton kwafa, kuma irin wannan aikin ya fi biya.

Ka ware awa guda kullum ga abin da ke gabanka. Rabin farko abu mara motsi: buta, takalmi, tulun Mirya. Tulun ya fi koyarwa saboda bakinsa. Da'ira ce, amma ido a matse yake ganinta, tana ƙara matsewa in ta kusanci daidai idonka, tana buɗewa in ta yi ƙasa. Kuskuren kowa shi ne yi mata tsini a gefe biyu. Wajen awo, miƙa hannu gaba ɗaya, rufe ido ɗaya, ka auna da fensir da babban yatsa ka ga faɗi sau nawa ya shiga tsawo. Gwiwar hannu na lanƙwashewa, awon ya tashi aiki. Rabi na biyu abu mai motsi, minti ɗaya ko biyu kowanne, da biro don kada ka tsaya goge-goge: raƙuma da awaki ranar Alhamis da kasuwa ke ci, masu jiran mota a tasha. Layin gadon baya da ƙafar da nauyi ya sauka a kanta kawai kake nema. Ka nemi izini kafin ka zana mutum, balle mace, kuma ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro da takardarka da wayarka.

A lungunan Birni ka lura da abu ɗaya. In kana tsaye, mutanen da ke tsaye a fili ɗaya da kai, na kusa da na nesa, kawunansu kusan a layi ɗaya suke. Ƙafafunsu ne ke hawa sama a takarda yayin da suke nisa. Wanda ya gane wannan taron mutanensa ya daina shawagi.

Fuska tana da awonta. Ido a tsakiyar kai yake, tsakanin ƙoli da haɓa, amma sabon hannu kullum sama yake kai shi ya cinye goshi. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya, faɗin kai daga gaba wajen ido biyar. Daga gashi zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, hanci zuwa haɓa, kusan daidai suke. Kunne daga gira zuwa ƙasan hanci. Kamannin mutum yana inda ya kauce wa wannan awo, amma sai ka san awon kafin ka ga kaucewar. Tsawon babba kai 7 ne zuwa 7 da rabi, ƙaramin yaro 4 zuwa 5. Ka yi wa yaro awon babba, sai ya fito ɗan gajeren dattijo.

A aikin kuɗi babu laifi ka yi amfani da gidajen dara. Hoto mai santimita 10 a 15 ka raba shi gida-gida santimita ɗaya, a takardar A3 ka yi gidajen santimita 2.5, zanen ya fito 25 a 37.5 ya bar baki na firam. Layukan da fensir mai tauri, 2H, ba dannawa, don in ya yi rami magogi ba ya cire shi. Kada ka karɓi hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa: kusancin waya yana ƙara hanci ya ɓoye kunnuwa, sai a ce kai ne ka ɓata shi. Ka nemi wanda aka ɗauka daga mita biyu, haske daga gefe ɗaya.

Takardar fotokofi giram 80 ce, ta atisaye ce kawai. Ta sayarwa Canson mai giram 180 ko 224. Ban da 2H na layukan, fensir HB da 2B da 4B da 6B sun isa. Matsalar baƙar fata ita ce in ka danna 6B don neman duhu, sai wurin ya yi ƙyalli, daga gefe ya koma ruwan toka. Maganinta ka hau duhu a hankali, shafa bisa shafa, wuraren da suka fi duhu kuwa, gashi da ƙwayar ido da ramin hanci, ka yi su da gawayi tun farko, domin gawayi ba ya kama inda fensir ya riga ya yi santsi. Farin ido ba fari ba ne, yana da inuwar fatar ido a samansa. Haƙora kada ka raba su da baƙin layi. Ka sa takarda ƙarƙashin hannunka, ka murza inuwa da naɗaɗɗiyar takarda ko auduga, don maiƙon yatsa tabo yake bari.

Gawayin zane ba sai an saya ba. Siraran rassa masu kaurin fensir, a ɓare bawo, a cika gwangwani da su, a rufe, a huda ƙaramin rami a murfi, a sa a wuta wajen awa guda har hayaƙi ya daina fita. Kada a buɗe sai ya huce, in iska ta shiga da zafi toka za a tarar.

Ƴar Sabon Gari:

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Duk mai bin titi ya ga yadda bana ta leda da inji ke bugawa take cin kasuwar allon hannu. Mai shago yana son hoton buhun shinkafa da katan na taliya a jiki, kuma yana son abinsa gobe. Ƙanena, ka koyi burushi, amma ka koyi tsara aiki a na'ura tare da shi, don mai injin buga bana sau da yawa yana da inji ba shi da ido.

A waya ka fara da ibisPaint X don zane, Canva don tsara takardar gayyata da talla. In ka samu kwamfuta, Krita da Inkscape kyauta ne, masu buga aiki kuma galibi CorelDraw da Photoshop suke buɗewa, ka tambaye su wane irin fayil suke so kafin ka fara. Abin da za a riƙe a hannu a yi shi a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, sai A4 ta zama ɗigo 2480 a 3508. Bana da ake kallo daga nesa 100 dpi ta ishe ta a girmanta na ainihi. Allon waya da haske yake yin launi, inji da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi mai walƙiya da kore shar suke fitowa a dushe. Ka sa a buga guntun gwaji tukuna. WhatsApp yana matse hoto, ka tura a matsayin fayil, kada ka tura ta wurin hotuna. Yawancin salon rubutu ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai su fito akwati-akwati a wurin bugu. Noto Sans da Andika suna da su, kuma ka mayar da rubutun zane kafin ka tura, yadda ba zai canza a kwamfutar wani ba.

Batun kuɗi. Jika ɗaya ake miƙo maka saboda kana gama aiki kafin a yi ciniki, kuma abin da ya riga ya fito ba shi da tsada. Lissafin shi ne kuɗin kaya, da kuɗin zirga-zirga, da awoyinka, da kashi goma cikin ɗari na lalacewar kayan aiki. Misali kawai, ka sa farashin kasuwar yau a madadinsa: a ce takarda da fensir na hoton A3 jika 1, firam da gilashi jika 4, kabu-kabu dala 100, awa 8 a kan dala 100 kowace jika 4. Jika 9 da rabi ke nan, da kashi goma ya doshi 10 da rabi. Ƙasa da haka kai ne kake biyan mai hoto. Ka tsayar da farashi uku, A4 da A3 da mai fuska biyu, ka rubuta su, don mai ganin farashi a rubuce bai cika yin tayin wulaƙanci ba. Kafin alƙalami rabi, kuma ba a taɓa takarda sai ya shigo. A saƙo ɗaya ka rubuta girma, kuɗi, ranar bayarwa, da cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa, ya amsa da "na yarda". Ranar bayarwa ka ƙara mata kwana biyu saboda ɗaukewar wuta. Hoton da za ka tura a duba ya zama ƙarami, da sunanka a gicciye a kai. Aikin ƴan siyasa lokacin kamfe kuwa kuɗi duka a hannu tukuna. Dangi kuma, in kyauta za ka yi ka yi kyauta ka faɗi kuɗinta, amma ragi bin ka zai yi ta yi, don kowa zai zo da farashin da aka yi wa wane.

Ka ɗauki aikinka hoto kafin a sa gilashi, da safe a inuwa, ba filasha, waya daidai tsakiyar zanen, ka ja baya ka ɗan jawo hoton don gefuna su miƙe. Goma ko sha biyu mafiya kyau su zauna a wuri ɗaya a wayarka, sauran ka ɓoye. Gajeren bidiyon hannu yana aiki ya fi hoton gamammen zane yawo a TikTok da Facebook. Ka kuma rataye samfuri da lambarka a shagon mai hoto da na mai firam.

Ƙungiyoyin agaji suna neman zanen wayar da kai, amma ba sa biya hannu da hannu. Sai da lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM da faktir, kuma kada ka fara sai takardar odar aiki ta fito da hatimi. Ka tambayi hanyar rajistar a ofishin Chambre de Commerce na nan Zinder. Kafin nan kana iya aiki ƙarƙashin wani mai takardu, ku rubuta kason kowa. Sayar da zane ba sayar da izinin buga shi ba ne: wanda ya sayi hoto ya rataye daban, wanda zai buga shi a riga ko kalanda daban, kuɗinsu ma daban. Ka sa hannu da shekara a kowane aiki, hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha a Nijar. Duk baƙon da ya rubuto ta intanet zai sayi zanenka da dubban daloli amma ka fara biyan kuɗin rajista, ɗan damfara ne.

Baba Mai Burushi:

Ƴata, ban musa ba, ya koya. Amma bana a ranar Damagaram ba ta daɗewa ta koɗe, iskar farkon damina kuma ta yage ta daga ramukan igiya. Sannan katangar makaranta, ƙofar gareji, jikin babbar mota, inji ba ya zuwa can. Wanda bai san tazarar harafi da hannu ba, a kwamfuta ma cunkoso zai yi, launi bakwai a bana ɗaya.

Ɗan Garin Malam:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Yadin zane na kanti ya fi ƙarfina, ana iya haɗa shi a gida? Sannan mahaifina ba ya son hoton abu mai rai, akwai hanyar da zan bi ba tare da shi ba?

Mushe Mai Ritaya:

Ana haɗawa. Sayi akoko mai kauri, ka wanke ya gama shan ruwansa, ka goge. Kafinta ya yi maka firam, ya ɗan fere bakin ciki don kada katako ya fito a fuskar zane. In ya haura santimita 80 a sa masa sanda a tsakiya. Ka fara kafa yadin daga tsakiyar kowane gefe, wannan sannan na daura da shi, kana ja, tazarar santimita 5, kusurwa a ƙarshe. Farin gam na kafintoci kashi 1 a ruwa kashi 3, shafa biyu. Sannan gam 1, farin fentin ruwa 2, garin alli 1, da ruwa har ya yi kaurin kunu, shafa uku marasa kauri, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Alli ya yi yawa ya tsattsage, gam ya yi yawa launi ya dinga zamewa. Fentin mai kada ya taɓa tsurar yadi, ruɓar da zaren yake yi. Akirilik, fentin zane da ake tsinkawa da ruwa, ya fi sauƙi, sai dai a zafinmu mintuna kaɗan ya bushe, don haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a roba mai murfi, ka ɗora takarda mai santsi, ka matsa launi a kanta. Fari babba, shuɗi, ja, rawaya da ruwan ƙasa sun isa. Duhun fata daga ruwan ƙasa da shuɗi ake haɗa shi, baƙi kashe shi yake yi. In za a aika Yamai a mota, a naɗe shi a kan bututun roba mai faɗin santimita 10, fentin yana waje.

Malam na Birni:

Samari, hukuncin hoto ka kai wa malaminku, ba a zaure irin wannan ake yanke shi ba, kuma kada ka yi jayayya da mahaifi a kansa. Ta fuskar sana'a dai ƙofa a buɗe take: rubutun allo, tambarin shago, zayyanar allon sauka, rubutun Larabci na ratayewa, da zanen gini, babu mai rai a cikinsu.

Kuma kayan suna ƙofar gidanku. Gidajen attajiran da na Zango da na Birni, tun zamanin da Zinder take babban birnin ƙasa kafin a koma Yamai a 1926, fuskokinsu cike suke da dagi da takobi da da'irori, wasu an tayar da su da yaɓe, wasu an ƙarce su a jiki. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fada a jerin wuraren da take gabatar wa UNESCO, amma damina ba ta san da wannan ba, kowace shekara tana cin wani. Ka yi sallama ga mai gida, ka kwafi zanen a littafi da awonsa da sunan unguwa, ka tambayi tsofaffin magina sunan kowanne. Dukawa suna son sabon fasali na jaka da filo in ka yanko musu shi a kwali, masu hula da masu takardar gayyata haka.

Dagi a kan gidajen dara ake gina shi, da rula da kamfas, kuma ƙa'idarsa ɗaya: igiya in ta hau nan, a mahaɗa ta gaba sai ta shige ƙasa. Ta hau sau biyu a jere, ƙullin ya warware, ko wanda bai san zane ba zai ji wani abu bai zauna ba. Ka ja layuka biyu na igiyar duka da fensir, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya kana goge wanda ya shige, sannan tawada.

Launi ma kana iya haɗawa. Jar ƙasa ko farar ƙasa a dama da ruwa mai yawa, a jira minti guda yashi ya kwanta, a tsiyaye na sama a wani kwano, ya kwana, a zubar da ruwan, a shanya lakar, a niƙe ta lukui. Ƙaro kashi 1 a ruwa kashi 2, ya kwana ya narke, a tace da ƙyalle. Baƙi daga garin gawayi ko baƙin tukunya. Ka haɗa kaɗan-kaɗan, ka shafa a guntun takarda ya bushe, ka goga yatsa. In ya biyo yatsa ƙara ƙaro, in ya yi ƙyalli ya tsattsage ƙara gari da ruwa. Ruwan ƙaro yana tsami cikin ƴan kwanaki a zafi, ka dama na aikin mako kawai. Wannan launi na takarda da allo ne, ruwa yana wanke shi, don haka ba a kai shi bangon waje.